Shekarar da Na Kwance Zanan Uwarku

Da sunan Allah nake ɗora wannan babi a kan na baya, ina roƙonsa ya tsare hannuna daga ƙari da ragi. Na iso shekarar da aka haifi Saratu, autarku. Na san abin da kuka ji game da shekarar, domin Tasawa ba ta ɓoye maganar ba: an ce ubanku ya yaye dangar gidansa uwarku tana cikin jego, saboda gansakuka. Haka aka yi. Abin da ba ku ji ba shi ne yadda aka yi, da kuma inda laifin yake, domin ba a inda mutane suka ɗora shi yake ba.

Kun san ni marini ne ɗan marini. A lokacin da nake ba ku labari karofinmu ya mutu, saura rami biyu, su ma sai in yi wata ban tsoma zane ba. Galura ta shigo, kowa na rini a tukunya cikin yini ɗaya, babu mai jiran baba ya nuna. Ina zaune haka, ina ɗan rubutu ina ɗan noma, sai wata ƙungiya ta gina tafkunan siminti uku a yamma da gari, kusa da fanfo. Suna ce musu basan, mu ma muka kama. Aka ce za a shuka wani abu a ruwa mai suna sifirilin, a busar a riƙa ba yara masu tamowa. Wanda aka ɗora a kan aikin wani saurayi ne ɗan Mayahi, Lawali, ya yi karatu a Yamai. Yana neman wanda ya san rainon ruwa, aka turo shi gare ni. Ya same ni a bakin rami, ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni yadda nake gane baba ya nuna. Na ce da wari, da launin kumfa, da abin da ya gaya wa bakin harshena. Ya ce in ya lalace fa? Na ce a nan ma hanci ke fara sani kafin ido. Ya yi dariya ya ce ni yake nema.

Aikin bai yi mini baƙunta ba. Zurfin ruwan kamu ɗaya ne, ana zuba masa kanwa da gishiri da ɗan takin zamani. Irin ya zo daga nesa a jarka guda, kore shar kamar miyar kuka. Lawali ya ɗiga shi a gilashi ya sa ni na leƙa ta madubin likita, na ga abin kamar zaren da aka nannaɗe a jikin tsinke aka zare tsinken, dubbai, suna motsi. Na yi tasbihi. Da rana ina motsa ruwan da doguwar tsintsiya don na ƙasa ya hau sama. Da safe muna tacewa da ƙyalle mai laushi, mu matse, mu murza shi kamar taliya, mu shanya a inuwa. Yadda ake sanin lokacin ɗiba ya yi, Lawali yana da wani farin faifai a jikin sandar awo. Ni na ɗauki farin murfin kwano. In ka nutsa shi ya ɓace a yatsa biyu, ruwa ya cika, a ɗiba. In kana ganinsa har ya wuce yatsa uku, a ƙyale shi ya huta.

Abin da ya kama zuciyata shi ne shuɗin da ke ciki. Wata rana Lawali ya jiƙa garin a kofin gilashi ya ajiye. Da muka dawo da safe, ruwan ya koma shuɗi, mai haske, ba irin na baba mai duhu ba. Ya ce wannan shuɗin shi ne shaidar ƙarfin abin. In ya yi yawa amfanin ya yi kyau, in ya dusashe to ciyawa kawai ka shanya. Ban gaya masa ba, na kai ruwan gida na tsoma farin ƙyalle har sau bakwai. Wanki ɗaya ya tafi da shi. Na haƙura da wannan, amma na samo wata dabara: in na tsoma alƙalami na ɗiga a farar takarda, sai kore ya tsaya a tsakiya, shuɗi ya bazu ya kewaye shi kamar zobe. Kowane ɗiba ina yin ɗigo ɗaya in rubuta ranar a ƙasa. Lawali ya ga takardun, bai iya karanta ajami ba, amma ya iya karanta zoben.

Mun fara bayan kaka, muka shiga sanyi. A sanyi abin nawa yake yi, sai ka yi mako murfi bai ɓace ba. Da sanyi ya fara ja da baya, ruwa ya ɗumama, sai ya tashi kamar an kira shi. Duk kwana uku muna ɗiba. A nan na ɗauki darasin da ba daidai ba. Na sa a raina cewa rana ce abincinsa, iyakar yawanta iyakar jin daɗinsa. Ban taɓa ganin bazara tare da shi ba.

Ana gab da zafi aka kira Lawali Yamai ƙarin horo na wata guda. Ya ce an yi odar abin rumfa, zai iso kafin rana ta yi ƙarfi. Ya ja mini kunne a kan murfin, kada in bari ya wuce yatsa uku. To, daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, yara masu tamowa sun cika gidan likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya zo da kansa ya ce duk abin da ke akwai a taimaka. Na tace basan ukun kwana biyu a jere, har ana hango murfin a zurfin tafin hannu. Na ce a raina rana na nan, kwana uku zai mayar. A makon nan zafi ya sauko gaba ɗaya, abin rumfa bai iso ba. A makon nan kuma uwarku, Hajara, ta haifi Saratu. Da yake haihuwa ta biyar ce ba ta tafi gida ba, sai gwaggonta, Gwaggo Delu, ta zo daga Kona don ta yi mata wankan jego.

Washegarin suna na koma basan na tarar koren ya koɗe, ya ja zuwa ruwan ɗorawa, da wata farar kumfa a gefe. Da manomi ne a wurin da wataƙila ya ɗaga kai ya dubi rana. Ni marini ne, ruwa na duba. A karofi in rami ya yi sanyi, launi ya gudu, toka ko kanwa yake nema, haka ubana ya koya mini, haka na yi shekara talatin ina yi. Na je wurin Agali mai kanwa, maƙwabcinmu da kakanninsa suka sauko daga arewa da raƙuma, na ɗauko buhu na jiƙa na zuba. Kwana biyu abin ya ƙara rawaya. Na ce bai ji ba, na ƙara. A zubi na biyu buhun ya ƙare kafin in kai ga basan na uku. Ranar da Saratu ta cika kwana goma sha ɗaya, tun daga fanfo hancina ya gaya mini. Basan biyu sun mutu, abin ya dunƙule ya taso sama launin ƙasa, yana wari kamar ƙwan da ya dame. Na uku ya yi fari-fari amma da rai. Na tsaya ina dubansa, sai na lura shi ne a gindin ɗakin ajiya, inuwar bango tana sauka a kansa tun daga azahar.

Na je inda ake buga waya na samu Lawali. Na gaya masa komai, har kanwar. Ya ce kanwar ta ƙara ciwo amma ba ita ce ciwon ba. Ya ce abin nan in yana da kauri junansu suke yi wa inuwa, na sama ya kare na ƙasa, tsintsiya ta juya su su yi canji. Da na tace shi ya yi tsarari, kowane zare ya tsaya shi kaɗai a rana, ita kuma ta ƙone launinsa.

"Malam, rufe shi yau, kafin azahar, da duk abin da ka samu. Ka ƙara mashi ruwan fanfo. In wannan ya tahi ba mu da iri, kuma ba na jin za a sake aiko mana."

Hantsi ya yi a lokacin. Na bi masu zana uku da na sani, babu. A shekarar ba a samu gamba ba, kuma wanda yake da tsohon zana ya warware ya ba dabba. Kara ma ya zama abinci. Na tambayi tabarmi a gida biyu, aka nuna mini na kwanciya. Ina tafe ina lissafin inda zan ga zana mai kauri, sai na tuna ina kwana kusa da shi kullum.

A nan sai in tsaya in gaya muku abin da mutanen gari ba su sani ba. Gidanmu na wancan lokacin zaure ne na ƙasa a gaba, darnin kara a gefe biyu, sai gefen arewa da ke kallon hanyar rijiya, shi ne zana bakwai suka rufe, na ƙarshensu ya lanƙwasa ya kewaye wurin wanka. Zanan nan ba nawa ba ne. Uwarku tana da gamana, wato ƙaramar gona tata ta kanta, a Kona, wadda ubanta ya bar mata, kuma ta yi shekaru tana tsaron gambar da ke kan iyaka, ba ta bari a yanke ta ɗanya. Ita ta sa aka yanke, wanta Hamidu ya saƙa mata, saƙa mai kauri wadda ko fitila ba a gani ta ciki. Da kuɗin ƙuli-ƙulinta aka ɗauko su a amalanke. Ni da na yi karatu, na san hukuncin dukiyar mace a gidan miji, na sha faɗa wa wasu.

Na ari amalanken jaki na iso gida. Ku manya kuna lakwal, makarantar boko. Gwaggo Delu ta fita tsinko ganyen dogon yaro na wankan la'asar. Na leƙa ɗaki, uwarku tana barci bayan wankan safe, jaririya a gefenta, ƙwaryar kunun kanwa a rufe. Na tsaya a bakin ƙofa gwargwadon karanta fatiha. Na ce wa kaina mai jego ce, ba a tashinta. Na yi shekaru ina ba kaina wannan amsa. Gaskiyar ita ce na ji tsoron in ta tashi za ta ce a'a, ni kuma ba ni da lokacin a'a. Na zaga na fara kwance igiya a hankali don kada ta ji. Na ce kafin la'asar zan samo abin da zan mayar. Na naɗe su duka na ɗora, na kora jaki.

Na kafa itace a gefen basan, na gitta sanduna, na shimfiɗa zana a sama kamu biyu daga ruwa don iska ta ratsa. Na ƙara ruwan fanfo, na motsa a hankali. Na yi azahar a wurin. Daga nan na shiga gari neman kara, har unguwar da ban saba zuwa ba, na dawo da buhu huɗu tsofaffi. Da na karyo kwanar hanyar rijiya, la'asar ta wuce. Na hango cikin gidana tun daga nesa, turmi da randa da igiyar shanya, kamar an buɗe kwano. Can ƙarshe mata huɗu na maƙwabta suna tsaye sun ba hanya baya, kowace ta ɗaga zane da hannu biyu, tururi yana tashi daga tsakiyarsu. Maza masu zuwa rijiya wasu sun zaga ta bayan masallaci. Wasu ba su zaga ba.

Na shiga zaure na zauna har aka gama. Da matan suka fita, ba wadda ta gaishe ni. Na shiga na tsuguna nesa da Gwaggo Delu na ce barka da aiki. Ba ta dube ni ba, suruka ce, ba za ta yi faɗa da ni baki da baki ba. Ta ɗauki jaririya ta ɗora a cinya tana yi mata magana.

"Ke Saratu, kin ga gidan da kika zo. Ubanki malami ne, ya san sutura, shi ya sa ya kai wa kwaɗi. Su ne masu jego bana. Uwarki dai Allah ya ba ta maƙwabta masu dogon hannu."

Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, lalura ce. Abincin yara marasa lafiya ne zai mutu."

"Kin ji, Saratu? Yara. Ke ɗiyar akuya ce. Sha nononki, gobe da sassahe mu tahi inda ake da danga."

Uwarku ba ta fito daga ɗaki ba. Na rataya buhunan nan a inda zana yake, suka rufe abin da bai kai rabi ba. Da safe Gwaggo ta samo amalanke. Uwarku ta fito da ƙunshinta da na jaririya kawai, ta kira Habi, babbarku, ta nuna mata inda hatsi yake da yadda za ta auna. Ta gaishe ni kamar yadda take gaishe ni kullum, ta hau. Na bi su a ƙasa har bakin gari, Gwaggo ta ce wa mai jakin ya gaya wa Malam ya koma, kada kwaɗi su yi kewa.

Ranar huɗu da rufewa koren ya fara dawowa, daga gefe zuwa tsakiya. Ranar goma murfi ya ɓace a yatsa uku. Ban taɓa shi ba sai da Lawali ya dawo. Muka ɗibi kaɗan muka shanya, na jiƙa na ɗiga a takarda, na jera kusa da ɗigon watannin baya. Zoben ya fi kowanne faɗi da duhu. Lawali ya daɗe yana kallo. Daga baya muka gane tafiyar abin: a ƙarƙashin zana ba ya saurin yawa kamar a fili, amma kowane zare yana tara launi, kamar yana ƙara kunne don ya ji ranar da ta yi masa nisa. A fili yana yawa da sauri, launin ya yi ƙaranci, in zafi ya wuce kima kuma ya tafi gaba ɗaya. Sai muka riƙa ɗage zana biyu da sassafe mu mayar da hantsi. Abin rumfar da aka yi oda ya maƙale a hanya, don haka basan biyun suka zauna a bushe, wannan ɗaya muka yi ta lallaɓawa, muna ɗibar kaɗan muna aika wa majo.

Bayan mako biyu da tafiyar uwarku saƙo ya zo daga Hamidu. Bai yi tsawo ba. Ya ce ƙanwarsa ba ta ce an sake ta ba, ba ta kuma ce ta yi yaji ba. Ta ce a mayar da zananta inda suke, ranar da aka mayar za ta dawo. Na tambayi Lawali. Ya ce in aka ɗage kafin gajimare ya fara taruwa, kwana biyu ya isa a koma inda aka fito. Ya ce zai je Kona da kansa ya yi bayani. Na hana shi, na ce ba maganar furoje, aikin ƙungiya, ba ce. Na aika wa Hamidu cewa a ƙara mini haƙuri zuwa ruwan farko.

Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe. Kwance zanan aikin rabin sa'a ne, mutum yana iya cewa ruɗewa ce. Amma daga ranar saƙon Hamidu zuwa saukar ruwa an yi wata biyu da kwanaki, kuma kowace safiya ina zuwa in ɗaga zanan nan da hannuna in mayar da su kan basan. Kowace safiya ina da amalanken da zan ara. Ina ce wa kaina yara masu tamowa, kuma ba ƙarya ba ne, na ga uwayensu a ƙofar likita. Amma akwai wani abu a ƙarƙashi. Na yi shekaru ba wanda ya tambaye ni yadda ruwa yake. Ga shi na sake samun rami mai rai, yana amsa hannuna, ana zuwa a tsaya a ji abin da zan ce. Ban iya sakin wannan ba. Allah ya sani, gara ku ma ku sani.

A gida Habi ce ke tuwo, tana da shekara goma sha uku, wani lokaci ya dahu wani lokaci mu ci haka. An yi arba'in ɗin Saratu a Kona ba ni. A gari kuwa na zama abin hira. Agali, da yake akwai wasa tsakaninmu, ba ya bari in wuce rumfarsa.

"Malam, ya amarya? An ce ta yi kore ta yi kyau. Ka sai mata kanwa mana, ko har yanzu tana fushi da ta bara?"

"Kanwarka ce ta kashe mini biyu, Buzu."

"Kanwata ba ta da ƙafa. Wani ya ɗauke ta."

Ina yin dariya in wuce. Liman kuwa bai yi wasa ba. Ya tsayar da ni bayan sallar asuba ya ce ya ji magana, shin zanan na wane ne. Na gaya masa. Ya ce to ai na san sauran, ya shige.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba, mai ƙarfi, kuma a makon abin rumfa ya iso. Ran Asabar na sauke zana na ɗora a amalanke na kama hanyar Kona. Mutane suna ta shuka a gefen hanya. Zanan sun sha rana daga sama, sun sha tururin kanwa daga ƙasa. Sun yi fari, sun yi gautsi, duk ramin da jaki ya faɗa sai in ji suna karyewa a bayana. Na san ba za su sake tsayawa danga ba. Amma su aka ce a mayar, kuma ban ga ta inda zan kai su gida in ɗaure ba tare da mai su ta gani ba.

Hamidu ya tarbe ni a ƙofar gida. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Habi da sauranku ɗaya-ɗaya, ya sa aka kawo ruwa. Ya dubi amalanken, ya dubi aikin hannunsa, ya shiga ya kira uwarku. Gwaggo Delu ta leƙo ta koma. Uwarku ta fito da Saratu a baya, yarinyar ta yi girman da ban gane ta ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tashi ta nufi amalanken. Ta kama bakin zana na sama, ya ruguje a hannunta. Ta kakkaɓe. Ta tambaye ni ko abin ya rayu, na ce ya rayu. Ta ce alhamdu lillahi. Ta ci gaba da ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai na ƙasa. Shi yana nan a naɗe da igiyarsa, launinsa bai canza ba. Ta ja shi, ta ga lanƙwasar da ke gefensa, ta gane na wurin wanka ne.

"Malam, wannan fa? Bai sha rana ba."

Na ce basan ɗin zana shida ya ci. Wannan na ajiye shi a ɗakin ajiya ne, ko iska za ta yaga wani.

"Tun ran nan?"

"Tun ran nan."

Ta tsaya tana shafa saƙar. Hamidu ya juya yana duban gonar da ke gaban gida. Ta yi magana a hankali, ba don kowa ya ji ba sai ni.

"Da ka tashe ni, da ni zan kama maka kwancewa. Shida zan ba ka. Wannan ɗaya zan ce ka bar mini."

Ba ta jira amsata ba. Ta ce wa Hamidu a sauke shidan a kai bayan gida a yi wuta da su, a bar ɗayan a kan amalanke. Ta shiga ta yi sallama da Gwaggo, ta fito da ƙunshinta. Muka iso Tasawa da la'asar. Kafin ta shiga ɗaki, kafin ta sha ruwa, ta kwance Saratu ta miƙa wa Habi, ta ja zanan zuwa wurinsa. Na matso in riƙe mata gefe. Ta ce in bari, za ta iya. Na tsaya a nan da igiya a hannu har ta gama ɗaurewa da tata.